Maɗorin da Ya Bi Sawun Lafiya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma ga Baffa ya riga mu. Ya rasu wata Talata da hantsi, ana tsakiyar damina, a ɗakinsa na Ƙofar Kibo. Wan mahaifina ne, kuma shi ya haifi mijina, don haka ni kowa ta'aziyya biyu ya yi mini.

Kwana uku gidan bai rabu da mutane ba, kuma kusan duk wanda ya shigo sai ya nuna wata gaɓa ta jikinsa. Mijina ya ce wani tsohon direba ya naɗe ƙafar wando a zaure, a gaban liman, yana cewa a duba, nan mota ta taka shi, ga shi ko ɗingishi ba ya yi. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta taso tun daga Sabon Gari, ta zauna a tsakar gida tana kuka tana jujjuya wuyan hannunta don mu gani. Matan ƙauye suka zo da kaji da ƙwaryar ƙwai. Bakinsu duka ɗaya: hannun Malam bai taɓa ɓata ƙashi ba.

Ni kuwa ina amsa amin a baki kawai, don na san hannu ɗaya da ba a nuna ba. Mai shi tana tsaye kusa da ni, 'yata ta fari, tana miƙa wa baƙi ruwa da hannu biyu, suna ta yaba ladabinta. Ba ladabi ba ne. Na daman ba ya riƙe kofi shi kaɗai.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. In na bar Baffa a bakin masu yabo, za su yi ta goge shi har ya koma wani mutum da ban sani ba.

Maɗori ne, ɗan maɗori. Dogo, baƙi, marar ƙiba, ga manyan yatsu, dariyarsa kuwa sai an yi sa'a. Tun ina ƙarama nake tsoronsa, kuma ba ni kaɗai ba. Yaran unguwa in sun zo wucewa ta ƙofar zaurensa rugawa suke yi, don ba ka san lokacin da ihu zai fito ba. Iyaye mata ba sa ɓata bakinsu wajen hana hawan katanga. "Hau mana," za su ce, "Malam yana nan bai je ko'ina ba." Sai ka ga yaro ya sauko da kansa.

Kayan aikinsa ba su cika ƙwarya ba: man kaɗanya, tsagaggun karare da aka saƙa kamar 'yar asabari, da fararen tsummoki da Inna, matarsa, take wankewa. Zai yi ta shafa wurin a hankali yana tofi, magidanta biyu sun riƙe mai karaya, shi kuwa idonsa na kan yatsun nan, jikinsa ya sandare don tsoro. Jikin da ya sandare kuwa ba ya sakin ƙashi. Sai Baffa ya ɗaga kai kamar ya manta da aikin.

"Kai mutumin ina ne?"

Sai a gaya masa.

"To a yarenku, yaya ake cewa lafiya?"

Mutum zai ɗaga ido sama yana lalube, jiki ya saki, yana buɗe baki Baffa zai ja. Ƙas! Rabin amsar magana, rabinta ihu. In Bahaushe ne, sunan kakan kakansa zai tambaye shi.

Da farko dabarar aiki ce kawai, amma sai amsoshin suka kama shi. Jirgin ƙasa da makarantu sun tara wa Zariya kowane irin mutum, kuma kowane irin mutum yana karyewa. Bayarabe ya ce masa alafiya, ya ce su har zaman lumana suke nufi da ita. Banufe ya ce lafiya, kamar mu. Buzu mai gadi ya ce algafiyat. Babarbare ya ce kalewa, Baffa ya kwana biyu yana juya ta, sannan ya yanke hukunci cewa ita ce dai, hula aka ɗora mata. Bafulatani kaɗai ya ɓata masa rai, ya ce jam. "Bafulatani ko a magana sai ya ware da shanunsa," in ji Baffa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, waɗannan mutane ba sa jin juna ko a sunan ruwa, ko a sunan uwa, amma ga kalma ɗaya ta shiga bakin kusan kowa.

Mahaifina, ƙanensa, malamin zaure ne a Ƙofar Galadima, shi kuma abin bai taɓa burge shi ba. Wata Juma'a suna cin abinci bayan an sauko daga masallaci, ina budurwa a lokacin, na kawo musu ruwa na tarar an fara.

"Yaya, wannan ai ba abin bincike ba ne," in ji mahaifina. "Larabci ce, al-afiya. Tushensu ɗaya da afuwa, wato shafewa, yadda iska take shafe sawu a rairayi. Allah ya shafe maka cuta, ka samu lafiya. Littafi ne ya kawo ta."

"Littafi? Mutumin ƙasar Moshi can yamma da na ɗora wa ƙafa shekaranjiya ko bihim bai sani ba, ko salla ba ya yi, amma ya ce mini lafi. Wane littafi ya kai masa?"

"To me ya kai masa?"

"Ƙafar fatake. Kuma ga shaida. In da daga allo muka ɗauke ta, da afiya za mu ce, don mai karatu ya san al ɗin nan ba jikinta ba ne. Kunne ne ya ji ta a kasuwa, ya haɗiye ta da ƙullinta, kamar yadda ya yi wa liman da lada da lahira."

"Yau kuma maɗori ne zai koya mini nahawu."

Mahaifina ya tsame hannunsa daga akushi. Wata biyu ba abin da ya haɗa su sai gaisuwa, ita ma lafiya lau ce daga farko har ƙarshe. Abin da ya shirya su wani ɗalibi ne daga gabashin Afirka da ya faɗo daga babur. Da aka tambaye shi ya ce afya. Baffa bai ko wanke hannu ba ya taka har Ƙofar Galadima. "Ka ji, babu harafin lam a kanta! Su ta teku ta je musu, mu ta rairayi ta zo mana." Mahaifina ya ce to, wannan kam magana ce.

Ɗaya ce Baffa bai so jin ta ba. Shekarar da ya je aikin hajji, risho ya kama gefen tantin wasu mutanen Maroko, ya ji suna gudu suna kiran lafiya. Da ƙura ta lafa ya tambaya, aka ce masa haka suke kiran wuta, don suna tsoron ambaton sunanta. Ya dawo da wannan labari fuskarsa ba walwala. Ya ce ashe akwai inda ake lulluɓe abin tsoro da ita. Sannan ya ce, "Mu ma ai haka muke, ba mu lura ba ne."

Da na auri ɗansa na tare a gidan, Baffa ya tashi daga wan uba ya koma suruki. Na daina haɗa ido da shi, na daina yi masa magana sai ta bakin Inna. In na ji gyaran muryarsa a ƙofar shigifa, ɗaki nake faɗawa. Da na haifi 'yar fari, aka ƙara mini wata kunyar a kan wannan. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi ba ni ce mai ɗaga ta ba. Tana barin nono ta koma ɗakin Inna. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi mini, kuma har ga Allah ban ga aibinsa ba.

Tana shekara bakwai, zamanin mulkin soja, ta je wuni gidan ƙanwar mijina a Gyallesu, ta hau gwaba ta faɗo a kan hannun dama. Mijina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana can kudu, sai ƙarshen wata. Aka kawo ta da rana tsaka, hannun ya lanƙwashe sama da gwiwa. Baffa a lokacin ya haura saba'in, kuma duk gidan mun san yatsunsa sun fara rawa, don muna ganin yadda shayi yake zuba a rigarsa. Ba wanda ya taɓa faɗa.

A tsakar gida ya yi ɗorin, ni ina leƙe ta bayan labule.

"Amarya," ya ce mata, don haka yake tsokanarta, "ku a boko yaya kuke cewa lafiya?"

"Fayin, tankiyu," in ji ta, tana shessheƙa.

Ya ja. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Ya jera karare, ya naɗa tsumma, ya ɗaure. Na ga ya sa haƙori ya ƙara jan ƙullin, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Daga baya na gane cewa yatsunsa ne ba sa gaya masa inda ɗauri ya isa, shi ya sa ya ƙara don kada ya kwance.

Ƙa'idar gidan kowa ya san ta. Ɗori sai ya kwana bakwai, kuma ba mai taɓa shi sai wanda ya ɗaura. Wanda ya kwance ɗorin wani, an ce ƙashin ba zai haɗu ba, kuma ya ci mutuncin maɗorin har abada.

Washegari da safe na kai koko ɗakin Inna, na saci kallon hannun. Yatsun sun kumbura sun yi sulɓi, farcen ya yi fari fat. Baffa ya zo bakin ƙofa, bai shiga ba tunda ina ciki.

"Yaya mai hannu?"

"Da sauƙi, Malam," in ji Inna, wadda yanar ido ta riga ta rufe mata rabin gani.

"Amarya fa?"

"Lafiya lau, tsoho."

Ƙarfin hali ta yi ta faɗa. An gaya mata jikar maɗori ba ta raki, ita kuwa ga zuciya. Baffa ya ce madalla, ya koma zaure.

Na yi ta kewaye-kewaye har na samu na ce, "Inna, yarinyar nan kamar yatsunta sun tashi."

"Ke! 'Yar farin taki? Ina kunyarki ta tafi? Karaya ai dole ta kumbura."

Na koma madafa ina hura wutar da ta riga ta kama. Da la'asar dillaliyar unguwa ta shigo, na ja ta gefe na roƙe ta ta biya Ƙofar Galadima ta gaya wa mahaifina. Amsar da ta kawo gajeriya ce: Yaya ya fi mu sanin aikinsa, ki yi addu'a.

Kwana na biyu yatsun suka koma shuɗi, kamar ta tsoma su a marina. Tana kwance tana cizon gefen zane, in an tambaye ta ta ce da sauƙi. Ni kuma in maƙwabta sun leƙo sun ce yaya mai jiki, da bakina nake cewa da sauƙi. Sau uku na taka har ƙofar shigifa na dawo. Ina tsoron hannun, ina tsoron Baffa, ina tsoron abin da za a ce a unguwa, kuma in faɗi gaskiya, a ranar nan tsoron bakin mutane ne ya yi nasara. Ban ci komai ba. Na ƙona miya, Inna ta yi faɗa, na ji daɗin faɗan don ya ba ni dalilin kuka.

Rana ta uku da hantsi yarinyar ta tashi zaune ta ce ya daina ciwo. Inna ta yi hamdala, ta aika a gaya wa Baffa. Gida ya ɗauki murna. Ni kuwa wannan sauƙin ya fi kukan ba ni tsoro. Na yi ta jira har Inna ta zaga bayi, na zare allurar da nake ɗinkin hula da ita, na kama ɗan yatsanta. Sanyi ƙalau. Na soka. Tana kallon ƙadangare a bango. Na ƙara soka har allurar ta shige, ba ta ko juyo ba, jini kuma bai fito ba.

Ban san lokacin da na kira sunanta ba, da ƙarfi, karo na farko tun da na haife ta. Ita kanta sai da ta firgita. Na kama hannunta na hagu na ja ta, ko mayafi ban tsaya nema ba. An idar da azahar ke nan, zaure cike da dattawa. Rabona da tsayawa a zauren nan da rana tun ina budurwa. Suna ganina kowa ya sunkuyar da kai.

"Baffa, dubi hannun nan."

Ni na faɗa, amma muryar kamar ba tawa ba. Ya dube ni, na ɗauka mari ne zai biyo baya. Sai ya dubi hannun. Ya danna farce, ya saki, launin bai dawo ba. Ya kai hancinsa kusa da tsumman. Na ga fuskarsa ta zube, kuma a ranar na san cewa shi ma yana iya jin tsoro.

Ya zaro aska daga aljihu, ya kai ta kan ƙullin, hannun yana rawa har askar tana buga karare. Ya gwada sau biyu. Sannan ya juya ƙotar ya miƙo mini.

"Yanke."

"Baffa, ɗorinka ne."

"Na ce yanke!"

Na yanke, a gaban liman da mai unguwa. Abin da ke ƙarƙashin tsumman ba zan rubuta shi ba.

Baffa bai taɓa taka asibiti ba, yana cewa can ne ake yanke abin da shi yake ɗorawa. Ranar nan shi ya fita titi da kansa ya tare tasi, ya zauna gaba, muka fita ta ƙofar gari. Likitan da ya duba ta mutumin Pakistan ne, wata nas tana fassara. Ya ce za su tsaga fatar su saki jijiyoyin, amma bai yi alkawari ba, in naman ya mutu sai an yanke daga gwiwa. Nas ɗin ta juyo kanmu da faɗa.

"Ku ba kwa jin magana! Wane maɗorin ne ya yi wannan aika-aika?"

Na buɗe baki zan ce wani ne a ƙauye. Baffa ya miƙe tsaye.

"Ni ne. Jikata ce."

Aka tura ta ciki, muka zauna a benci ɗaya, ni a wannan ƙarshe shi a wancan. Duk ƙofar da ta buɗe sai na ɗago kai. Ina ta ƙirga abin da mace take yi da hannun dama: cin tuwo, daka, rubutu, ɗaukar jariri, gaisawa. Can na ji Baffa yana motsa baki, na ɗauka tasbihi ne. Da na kasa kunne sai na ji lafiya, alafiya, kalewa, lafi, algafiyat, afya, ya kai ƙarshe ya sake daga farko. Duk abin da ya tara a shekara hamsin yake zazzagewa a gaban Allah, ko ɗaya za ta dace.

Bayan la'asar likitan ya fito ya ce hannu ya tsira. Yatsu biyu dai, ƙarami da na kusa da shi, ba za su ƙara miƙewa ba, kuma riƙonta zai yi rauni. Ya ce da mun kai gobe, da wata maganar ake yi. Ga baƙo daga ƙasar da Baffa bai taɓa samun mutuminta ba, yana tsaye a gabansa, amma bai yi masa tambayar ba. Da mijina ya dawo ya bincika, ya zo yana murna ya ce mutanen Pakistan afiyat suke cewa. Baffa ya ce, "To."

Daga ranar bai ƙara taɓa ƙashi ba. Ya sa Inna ta hura wuta da kararen. Duk wanda aka kawo, zai yi masa tofi ya ce a wuce da shi asibiti, in an matsa masa ya ɗaga hannuwansa a ga yadda suke rawa. Wasu suka ce asiri aka yi masa, wasu suka ce girman kai ne. Ya gaya wa duk mai son ji abin da ya faru, amma mutane ba sa son irin wannan labari a kan wanda ya ɗora musu ƙafa, sai suka manta da shi.

Ni da shi muka koma yadda muke, magana ta bakin Inna, shekara goma sha ɗaya. Duk tsawon lokacin ina jiran tambaya ɗaya, kuma duk gyaran muryar da ya yi sai na ɗauka yau ce.

Kwana uku kafin ya rasu, da safe, ya ce a kira masa amarya. Idonsa ya riga ya tafi. Ta zauna a bakin gado, ya lalubi hannun, ya bi ƙashin da babban yatsa tun daga kafaɗa, a hankali.

"Ƙashi kam ya haɗu daidai," ya ce.

Da ya iso kan yatsun nan biyu sai ya tsaya. Ya daɗe yana riƙe da su.

"Uwarta na nan?"

"Ga ni, Baffa."

"Yaushe kika ga sun canja?"

Na ce, "Tun washegari da safe."

"Ni kuwa sai rana ta uku da azahar."

"Haka ne, Baffa."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Ruwan indararo yana ɗiga a waje.

"Da kin zo a ranar farko, da na kore ki," ya ce. "Na san halina. Ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne. Nawa ne, kuma da shi zan tafi."

Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa ya ga karaya ne ya ɗora. Mutumin da ya miƙo mini aska a gaban dattawa, ban yarda zai kore ni ba. Amma ya faɗa a gaban 'yata, kuma bai bar mini damar musu ba, don yana gamawa ya juya fuskarsa bango.

Malamai sun ce kabari yana matse kowa, mai laifi da marar laifi. Tun da aka kai shi, wannan ne yake tsaya mini a rai duk sanda na ɗaga hannu. Wasu suna roƙa masa Aljanna mafi ɗaukaka, Allah ya amsa musu. Ni roƙona ƙarami ne. Ya Allah, bawanka ya ɗaure da ƙarfi don tsoron kada ya kwance, ba don mugunta ba. Ka ce wa ƙasa ta sassauta masa.